Ƙuli a Goshi

Jikana, wanda ke koyarwa a jami'a, nan Kongo, ya sayo ɗan kwikwiyo, wai na ƙasar waje, mai kati da likita da kwanon cin abinci nasa na kansa. Ran nan ya zo gaishe ni da shi a mota, ya sauke shi a tsakar gida zai nuna mini irin tarbiyyar da yake ba shi. Ya zaro biskit daga leda yana kaɗawa a iska, yana kiran sunansa ba ƙaƙƙautawa kamar mai tallan koko. Shi kuwa kwikwiyo ko a jikinsa, ya bi kaza, ya dawo ya kama bakin tabarma yana ja. Na yi dariya har da tari. Na ce, "Malam, kai da kake koyar da 'ya'yan mutane, ɗan kare ya gagare ka?" Ya ce, "Hajiya, ke me kika sani game da kare?" Sai dariyar ta ɗauke. Abin da na sani game da kare ba a tsaye ake faɗarsa ba.

Ni 'yar mahauta ce. A nan Tudun Wada aka haife ni, tun Turawa na nan, tun tsakaninmu da Gyallesu gonakin dawa ne da kukoki. Abin da ke tashe mu da safe ba ƙarar janareta ba ce irin ta yanzu, ƙarar wuƙa ce a kan dutsen wasa, shu, shu, shu, sai jiniyar jirgin ƙasa daga nesa, sai shanu na kuka a turke a ƙofar gida. A ƙafa ake koro su daga ruga, da ƙahoninsu da fushinsu, ba irin na yau da ake jibgo su a tirela sun galabaita kafin su iso ba. Fatu na shanye a bayan gida, ungulu na jere a kan katanga kamar masu jiran sadaka. Filin da ke bakin lungunmu, inda ake hawan ƙaho, yanzu shagunan masu gyaran waya ne. In na wuce ta wurin sai in ga yara zaune suna danne-danne, ba su san irin jinin da ƙasar nan ta sha ba.

Babanmu a wannan fili ya bar ƙafarsa. Da ƙuruciyarsa babu kamarsa a hawan ƙaho, wasan da samarin mahauta ke yi ranar jajiberin Sallah. Za a ɗaure bijimi da igiya biyu, ɗaya a wuya ɗaya a ƙafar baya, maza na riƙe, makaɗan kalangu na zuga, a tsokane shi har idonsa ya rufe. Sa'annan saurayi ya tunkare shi gaba da gaba, ya faɗa tsakanin ƙahonin, ya rungume wuyan. Baba ya yi haka shekara da shekaru ko ƙwarzane bai samu ba. Ranar da tsautsayi ya zo, ya riga ya yi tsalle, yana sama, sai wani karen unguwa ya kutso cikin fili ya yi haushi. Sa ya juya kai. Ƙahon ya shige shi ta cinya ya ɓullo ta kwankwaso, aka yi ta yawo da shi a sama kamar tsumma kafin a kayar da san. Karen kuwa, kafin a ɗauke Baba mahauta sun yi masa rubdugu da gora, har ba a gane kai da wutsiya. Tun daga ranar Baba ke jan ƙafar dama, tun daga ranar kuma ba ya ƙaunar ko jin sunan kare. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

To, a wannan gidan ni 'yar banza na kawo kwikwiyo. Ina yi wa kakata Iya tallan ƙuli-ƙuli, ita ke matsar man gyaɗa a unguwar. Wata rana na biyo ta juji sai na tarar da yara sun tono 'ya'yan wata karya daga rami, sun jera su suna gasar jifa. Wallahi har yau ina jin ƙarar dutse a kan ƙashin da bai yi ƙwari ba. Duk wanda aka samu sai su yi shewa. Saura ɗaya, baƙi wuluk, ya rarrafa ya shige ƙarƙashin wata fasasshiyar tukunya. Na yi kamar ƙulina ne ya zube, na durƙusa, na cusa shi cikin ƙwarya na rufe da faifai, na aza a kai. Ƙulin ranar dai bai sayu ba, kuma na sha dukan da ya dace da ni.

Iya ta gama dukana, sannan ta buɗe bakin kwikwiyon ta duba dasashinsa, ta ɗaga shi ta fatar wuya ta ga bai yi kuka ba. Ita 'yar mafarauta ce daga ƙauye, aure ne ya kawo ta cikin mahauta. Ta ce, "Wannan Duna ne, zai yi kare." Da Baba ya dawo ya gan shi, sai ya nufi bayan ƙofar zaure ya ɗauko wata tsohuwar taɓarya mai tsagaggen kai. Wuƙarsa ba ta taɓa kare, da ita yake yanka wa Musulmi nama. Iya ta tsaya a gabansa. Ta ce kura na jan fatu kullum, ɓarayi na kwashe sauran, kuma malamin da ke maƙwabtaka da mu ya ce kare na gadi bai haramta ba. Ta ce, "In ka isa, fara da ni." Mutum ba ya ture uwarsa. Baba ya tsaya yana huci, sannan ya nuna ni da kan taɓaryar ya ce, "Ke, buɗe kunnenki. Wallahi tallahi, ranar da na ji karen nan ya yi wa sa haushi, da wannan zan fasa kansa, kuma a gabanki." Ya mayar da ita bayan ƙofa, ya jingine ta inda duk mai shiga da fita zai gan ta.

Ka ji fa, a gidan da ba a raba ƙofarsa da shanu. Wane kare ne zai ga ƙaton sa na tono ƙasa ya yi shiru? Na kwana ina kuka, na ce da Iya gara mu mayar da shi juji. Ta ce, "Rufe mini baki. Kare ba ya haushi da duba ido a lokaci guda. Ki mallaki idonsa, kin mallaki bakinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

A bayan rumbu muka fara, inda ba kaza ba akuya. Iya ta sa na farfasa ƙuli ƙanana ƙanana kamar ƙwayar wake, wai in ya yi girma zai tsaya tauna ya manta da ni. Da hannun hagu nake ɗauka, domin ta ce hagu na kare ne, dama na tuwo. Sai in kai ƙulin bakin hancinsa ya sansana, in ɗaga a hankali in ɗora a goshina, tsakanin idanuna biyu, in kira sunansa sau ɗaya tak. Idonsa zai bi ƙulin, daga ƙulin ya faɗo cikin nawa. Da zarar ido ya haɗu, nan take zan ba shi, ba jira. In na yi jinkiri Iya ta ɗaka mini duka a baya ta ce, "Kin bar shi ya kau da kai sannan kika ba shi, kau da kai kika koya masa ke nan, sakarya!" In na maimaita sunan ta ce, "Duna, Duna, Duna, talla kike yi? Suna in ya yi yawa iska ne." Ba ma yi in ya ƙoshi, ba ma yi in yunwa ta haukata shi, sai da hantsi kafin a zuba masa ƙanzo. Kuma ba ma daɗewa. Tana ɗora ruwa a wuta mu fara, kafin ya tafasa ta ce a tashi, alhali shi yana kaɗa wutsiya yana neman ƙari. Ta ce a bar shi da marmari, gobe shi zai zo neman ki.

Doka ɗaya ce take maimaita mini kullum har na gaji da ji. "Kada ki taɓa ɗaga masa hannu babu komai a ciki. Mutum ka yi masa ƙarya ka ba shi haƙuri ya haƙura. Kare bai san haƙuri ba, hancinsa ya sani. Alkawari kaya ne, ko da na kare ne." Don haka haɓar zanena ba ta rabuwa da ƙuli, har ƙawayena suka sa mini uwar kare.

Muna cikin samun kansa sai Yaya, wana, ya ɓata mana aiki. Shi a lokacin gashin baki ya fara fito masa, jininsa na tafasa, burinsa kawai ya gaji Baba a fili. Shi da abokansa a ganinsu ana gyara kare ne da wuya, a yanke masa kunne, a ɗura masa barkono a hanci don ya yi zafin rai. Na dawo daga talla na tarar da jini a bakin rumbu, Duna ya maƙale a ƙarƙashi yana rawar jiki, rabin kunnensa na hagu babu. Yaya na tsaye da aska yana dariya, wai taimakona ya yi, saura ɗayan. Na yi kukan kura na cije shi a hannu har sai da na ji gishirin jini a bakina. Ya kwaɗa mini mari na faɗi. Iya ta fito daga madafa da muciya, ba ta tambayi ba'asi ba, ta sauke masa ita a gadon baya har ta karye. Allah Sarki, Duna ya daɗe ba ya duban fuskar ɗan Adam. In na ɗaga hannu sai ya runtse ido ya kwanta, yana jiran duka. Haka muka koma farko, ina ajiye ƙulin a ƙasa in ja baya, har ya yarda ya karɓa a hannu, har wata rana ya sake ɗago ido ya dube ni. Ranar na yi kuka fiye da ranar da aka yanke kunnen.

Daga nan Iya ta fara ƙara masa wuya. Ta ce karen da ya san ido a bayan rumbu bai san shi a kasuwa ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ta watsa tsaba kaji su taru a gefensa, ni ina riƙe da idonsa. Ta saki akuya ta wuce ta gabansa. Ta buga tasa. Duk lokacin da abin ya fi ƙarfin ƙuli, sai ta kwance ɗan ƙullinta ta ba ni ɓarɓashin kilishi, ta ce aiki mai wuya lada mai daɗi. Sannan muka fito zaure, sannan bakin ƙofa, nesa da turke, kullum muna matsawa kaɗan. Ranar da ya fara ganin sa kusa da kusa, gashin bayansa ya miƙe, na ji gurnani na taso masa daga ciki. Na kai hannu goshi na ce, "Duna." Ya juyo. Na ba shi. Ya waiga wajen san, ya sake juyowa da kansa ba tare da na kira ba. Iya ta ce, "Yauwa, yanzu ya fara karatu." Baba na zaune a kan buzu yana wasa wuƙa, bai ɗago ba. Amma da Duna ya matsa kusa da butarsa, ya sa ƙafar mai lafiya ya yi ƙwallo da shi har ya bugi bango. Ya ce, "Ina nan ina saurare."

Haka muka ci damina muka shiga azumi, Duna ya zama matashin kare, dogo, mai kunne ɗaya da rabi, bai taɓa yi wa sa haushi ba. Kura ta daina zuwa bayan gida. A wannan shekarar ne Yaya ya ce zai hau ƙaho karon farko. Baba ya hana, ya hana, da ya ga abin a jini yake sai ya kwance layunsa da warkinsa na fata ya ba shi. Na ji yana gaya masa a zaure, "In ya kayar da kai, ka yi kamar ka mutu. Kada ka motsa, kada ka yi nishi. Sa ba ya sukan gawa sai in an tsokane shi." San da aka kawo kuwa jan bijimi ne na Bororo, ƙahoninsa sun fi hannun mutum tsawo, tun a hanya ya karya wa wani makiyayi haƙarƙari.

Ranar jajibere bayan la'asar kalangu ya ɗauka. Na ɗaure Duna a bayan rumbu da igiyar kaba, na zo bakin zaure ni da Iya muna hangen fili. Lungunmu siriri ne, kuma ba ya ɓullewa, a ƙofarmu ya ƙare. Muna ganin ƙura na tashi, muna jin makaɗa na kiran kirarin Baba suna ɗora wa ɗansa. Na ga Yaya ya fito tsirara sai warki, ya yi kuwwa, ya ruga, ya faɗa tsakanin ƙahonin. Fili ya ɗauki sowa. Sai na ji wani abu ya yi tas kamar bulala. Igiyar ƙafar baya ce ta tsinke. San ya yi tsalle ɗaya ya zubar da masu riƙe da ta wuya, ya ja wani a ƙasa har fatar bayansa ta saɓule, mutane suka watse suna tattake juna. Ya miƙo lungunmu a guje, Yaya na rataye a kansa, ɗaurin warkinsa ya sarƙe a ƙaho. Ya maka shi da bangon hagu, ya maka shi da na dama, na ji ƙashi ya karye. A daidai ƙofarmu ɗaurin ya tsinke, Yaya ya faɗo tim a gaban kofatansa, ya kwanta kamar gawa, jini na fita ta hancinsa.

Kalangu ya yi tsit. San ya tsaya a kansa, kai a ƙasa, yana huci, yawunsa na ɗiga a bayan Yaya, tsinin ƙahon na shafar haƙarƙarinsa. Maza sun cika bakin lungu a bayansa, ba mai iya matsowa. Sai na ji wani abu ya goge ƙafata ya wuce. Duna ne, da guntuwar igiyar da ya tattauna a wuyansa. Ya tsallake dokin ƙofa ya tsaya tsakanina da san, ƙafafu a buɗe, gashin baya a tsaye, leɓensa ya ɗage, gurnanin ya fara. In na kai hannu na cafke shi zai yi ƙara ko ya zille. In ya yi haushi, san zai zaburo, kuma ta kan Yaya zai bi. Daga bayana Iya ta ce a hankali, "Kada ki motsa ƙafa. Riƙe idonsa."

Na kwance haɓar zane. Abin da ya rage ɗan ɓarɓashi ne, don ranar ban yi shirin aiki ba. Na ɗaga hannun hagu a hankali na kai goshi. Na ce, "Duna." Kunnensa mai lafiya ya motsa. Ya juyo da kai, ya dube ni, ya ba wa san baya. Na miƙa masa ya lashe. Ta saman tozon san na hango Baba ya fito daga cikin mutane shi kaɗai, da babbar wuƙarsa, yana bin jikin bango. Agarar ƙafar baya yake nufi, jijiyar da in an datse ta sa ba ya sake tsayuwa. Amma wayyo, ƙafar nan tasa! Taku ɗaya, sai ya jawo ɗayar a hankali don kada ta yi ƙara a ƙasa. Ban taɓa sanin lungunmu na da tsawo ba sai ranar. San ya yi huci ya tono ƙasa, kofatonsa ya sauka a kan yatsun Yaya, Yaya bai ko motsa ba. Duna ya fara waigawa. Na sake ɗagawa, ya dawo, na ba shi. Na sake, na ba shi. Na sa yatsu a haɓar zane na lalube ta kaf, babu ko gari.

Baba bai kai ba tukuna. Na haɗe yatsuna uku kamar akwai abu, na ɗora a goshi. Na ga hancin Duna ya motsa, ya sansana iska. Ya sani. Wallahi ya sani, hancin da ke jin kura tun daga bakin rafi ba zai kasa sanin hannu babu komai ba. Bai dubi yatsun ba ma. Ya zauna a kan ƙafafunsa na baya, jikinsa na kyarma tun daga wuya har wutsiya, ya zuba idonsa cikin nawa. Hawaye na zubo mini ban isa in share ba, ban isa in ƙifta ba. A raina ina cewa, tsaya, ɗan uwana, tsaya, don Allah tsaya. Bayansa sa na huci, shi kuwa ni yake kallo.

Sai wuƙar ta sauka. San ya yi wani irin kuka da ban taɓa ji ba, gindinsa ya zube gefe guda, Baba ya sake sara ɗaya ƙafar. Jini ya yi tsiri har saman katanga. Maza suka rugo, wasu suka ja Yaya ta ƙafa, wasu suka danne ƙahonin suka murɗe wuyan. San na ta shure-shure yana watsa mutane, ya fasa wa wani baki. Baba ya durƙusa a kan wuyan ya yi bisimilla ya yanka. Jinin ya malalo har dokin ƙofarmu, da ɗuminsa, ya taɓa yatsun ƙafata. Na sauke hannu. A nan ne Duna ya juya, ya ga san na harbin ƙarshe, duk abin da ya danne ya ɓalle masa. Ya yi haushi. Ba sau ɗaya ba, ya yi ta yi, murya cike da lungu, kowa na ji. Baba ya ɗago kai daga kan san, jini har gwiwar hannu, ya dube shi, ya dube ni.

Aka ɗauki Yaya aka kai wa maɗori. Kafaɗa ta karye, haƙarƙari sun karye, yatsu biyu sun murƙushe, amma da ransa. Ni kuwa na ja Duna bayan rumbu na rungume shi. Na roƙi Iya ta bar ni in gudu da shi Gyallesu in sake shi a gonaki. Ta ce, "Zai biyo ki gida, ai ke kika koya masa." Na ce to ta roƙi Baba. Ta girgiza kai, ta ce, "Da sunan Allah ya rantse, 'yar nan. Wannan ta fi ƙarfin uwa." Ta koma madafa ta ɗora tukunyar buɗa-baki.

Rana ta yi ja sannan na ji jan ƙafarsa a zaure. Na ji ya tsaya a bayan ƙofa. Na ji kan taɓarya ya gogi bango. Ya shigo tsakar gida da ita a hannun dama, ko wanke jinin bai yi ba, ya zagayo bayan rumbu. Na kwanta a kan Duna na rufe shi da jikina. Baba ya ce, "Tashi." Na ƙi. Ya ce, "Na ce ki tashi zaune." Na tashi, amma ban saki wuyan karen ba.

Ya ce, "Na rantse, kin ji da kunnenki."

Na ce, "Na ji, Baba."

"Ya yi haushi, na ji da nawa."

Ya daɗe a tsaye yana kallon kunnen nan da aka yanke. Sannan ya ce, "Lokacin da nake tahowa ina kallonki. Na ƙarshen nan da kika ɗaga kika daɗe, me ke hannunki?"

Na ce, "Babu komai, Baba. Ya ƙare."

"Babu komai, kuma ya zauna?"

"Ya zauna."

Ya juya, ya ja ƙafarsa zuwa madafa. Ina gani ya sunkuya ya tura kan taɓaryar cikin murhu, ƙarƙashin tukunyar Iya, ya gyara ta da ƙafa har wuta ta kama. Ya dawo ya zaro wani ɗan ƙunshin ganye daga aljihu, ya buɗe. Hanta ce, ta jan bijimin, da sauran ɗuminta. Ya ce, "Miƙo hannu. Na hagun." Ya ɗora mini. Ya ce, "Kin ɗaga masa hannu, cika masa alkawari." Na kai goshi, Duna ya dube ni, na ba shi. Daidai nan aka kira sallah.

Washegari aka yi Sallah. Kashegarinta, gari na ta ciye-ciye, mahauta na cikin kakarsu, Baba ya tashi da azumi. Guda uku ya yi a jere, na kaffara, bayan wata guda da ya riga ya azumta. Yana tsaye a gaban tukuba da ƙamshin nama, leɓensa a bushe. Abokansa na tsokanarsa, su ce wane irin azumi ne wannan ana Sallah? Ya ce, "Rantsuwa na yi na karya." In suka ce a kan me, sai ya ci gaba da yankan namansa. Har ya koma ga Allah bai taɓa shafa kan Duna ba, bai taɓa kiran sunansa ba. Amma kullum ya dawo daga mahauta zan tarar da ɗan ƙunshin ganye a bakin rumbu, kuma bai taɓa cewa na wane ne ba.

Da jikana ya tashi tafiya ran nan, na ce ya miƙo mini biskit ɗin guda ɗaya, ya kuma rufe bakinsa. Na gutsuri ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake. Ban san lokacin da hannun hagu ya tashi ya tafi goshi ba. Kwikwiyon ya bar kazar, ya zo ya zauna a gabana ya ɗago kai. Jikana na ta mamaki yana tambaya ina na koya, ni kuwa idona ya cika, ko ganin kwikwiyon ba na yi sosai. Na lalubi bakinsa na ba shi da sauri, kafin ya kau da kai.